Hijira, Sauro da Garkuwar Jiki a Ƙauyukan Hausawan Jazira

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, har ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar. Da aka kammala madatsar ruwan Sannar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka jawo ƙarin Hausawa, da yawansu maniyyata da guzuri ya ƙare musu a hanya. Sai dai magudanan da suka shayar da auduga su ne kuma suka raini sauro.

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce ga jininsu. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya kawai yana samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa gadon ya yaɗu a ƙasashen sauro, har da ƙasar Hausa.

Amma garkuwar jiki ta girmi ɗan Adam nesa ba kusa ba. Kimanin shekara miliyan 500 da suka wuce, kifaye masu muƙamuƙi suka samu dabarar yanka ƙwayoyin gadonsu da sake ɗinke su, domin ƙera makami daban ga kowace cuta. Dabbobi masu ƙashin baya, har mutum, sun gaji wannan dabara, kuma da ita jiki yake gano wasu ƙwayoyin kansa ya halaka su. To, wuƙar da ke yanka takan kuskure. Ciwon dajin muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958 daga irin wannan kuskure yake tasowa: idan zazzaɓi ya yi ta komawa wa yaro, ga kuma bairos ɗin Epstein-Barr a jikinsa, akan ɗinke wani guntun gado inda ba wurinsa ba, ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba birki.

Saboda haka yaƙi da sauro, kamar shirin lafiya na Shuɗin Nilu da aka fara a 1979, bai tsaya ga zazzaɓi kaɗai ba. Cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira a Wad Madani ita ce ta riƙa karɓar majinyatan yankin, kafin yaƙi ya shiga garin a Disamban 2023 ya katse aikinta.