Akwatunan Sauti da Hoto a Ƙasar Birnin Gwari: Tarihin Wutarsu da Gyaransu

Masu rubuta tarihin rediyo da telebijin a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga ran da aka buɗe tasha, da sunan wanda ya buɗe ta. Wannan kuwa rabin labari ne. Tasha tana can birni, amma akwatin yana ɗakin talaka, ba ya kuwa magana sai da wuta, in ya yi shiru kuma sai an nemo mai tashinsa. Abin da wannan takarda za ta nuna shi ne, a ƙasa irin ta Birnin Gwari ba kyan na'ura ko tsadarta ke sa ta zauna ba. Abu biyu ne, watau inda za ta sami wuta, da wanda zai iya gyara ta in ta lalace.

Birnin Gwari tana yamma da Kaduna da kimanin kilomita 120, bisa tsohuwar hanyar mota wadda ta bi ta Tegina ta nufi Ikko, wata hanya kuma ta yi arewa zuwa Funtuwa. Ƙasa ce ta daji. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936 ya zama gandun En'e, kana Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Ƙauyuka a warwatse su ke. Saboda haka duk abin da ke tafiya ta waya, sai an kafa masa turaku ya ratsa jeji kafin ya isa ga mutane. Mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Akwatin da ya fara shiga gidajen ƙasar Hausa shi ne garmaho, wanda ba ruwansa da lantarki. Da hannu a ke wana shi, a ɗora allura bisa faifai. In ya ƙi, ko allura ta dakushe, ko ƙarfen da ke naɗe a cikinsa ya tsinke, wannan kuwa mai gyaran agogo ya iya da shi. Rediyon farko kuwa na waya ne. A Kano an buɗe shi a 1944, daga baya wasu manyan garuruwa suka samu: a jawo waya daga tasha zuwa akwatin da aka rataye a gida ko a dandali. Irin wannan bai iya fita bayan gari da nisa, balle ya shiga daji.

Abin da ya kai rediyo ƙauye shi ne wani ɗan ƙanƙanen abu da aka ƙago a Amurka a 1947, sunansa taransista. Shi ya maye gurbin kwalaben nan masu zafi da cin wuta, har akwati ya zama batirin tocila ya ishe shi. Ya yaɗu kuwa daidai lokacin da aka sami abin saurare da Hausa, don BBC ta soma shirinta na Hausa a 1957, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta buɗe gidan Rediyo da Telebijin na Kaduna a 1962. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset. Rikoda ta fi rediyo da abu guda, watau tana ɗauka, ba faɗa kaɗai ta ke yi ba. Mutum ya iya naɗar waƙar Mamman Shata daga rediyo, ko tafsirin malamin garinsu, ko kiɗan bikin 'yarsa, ko saƙon baki zuwa ga ɗan'uwa da ke Makka. Gyaranta kuma ba wuya. In zare ya tsinke a liƙa, in ya warware a mai da shi da biro, in murya ta dushe a goge bakin ƙarfen da zare ke bi da auduga, in roba ta saki a sa wata. Don haka ne rediyo da rikoda suka zama abokan manomi da makiyayi da direba.

Telebijin da bidiyo ba haka su ke ba, wutar gwamnati su ke so. An kafa hukumar lantarki ta ECN da dokar 1950, aka gama madatsar Kainji a 1968, aka haɗe hukumomi biyu suka zama NEPA a 1972. A 1990 aka buɗe madatsar Shiroro bisa kogin Kaduna, mai ƙarfin megawat 600, a ƙasar da ke maƙwabtaka da Birnin Gwari ta kudu. Amma fa zama kusa da madatsa ba shi ne samun wuta ba. Manyan wayoyi birane su ke nufa, ƙananan garuruwa sai abin da ya rage, a kan dogon layi wanda iska ko faɗuwar itace guda ke iya yankewa. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 sun cika gidajen birni da kayan sauti, kamfanin JVC na Japan kuma ya fito da bidiyo irin na VHS a 1976. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, daga nan kasuwar finafinan Hausa ta buɗe. To, a ƙauyen da ba falwaya, yaya aka yi? Sai aka koma ga janareto, ko batirin mota da ƙaramin telebijin marar launi. Da ya ke ba kowa ke da halin saye ba, sai mai hali ya kafa gidan kallo, a biya a shiga. Watau na'urar da Turawa suka ƙera don ɗakin iyali, rashin wuta ya mai da ita ta dandali, kamar majigin da.

Bayan kaset sai faifai ya dawo da sabuwar kama. An fito da VCD a 1993, DVD kuma a 1996. Na farkon minti 74 ko 80 ya ke ɗauka, shi ya sa a kan raba dogon fim faifai biyu. Na'urorin Sin masu araha suka cika kasuwa, ba a jima da shiga sabon ƙarni ba suka kori bidiyon kaset. Sai dai faifai ba da allura a ke karanta shi ba, da wani siririn haske ne mai fitowa ta ɗan madubin da masu gyara ke kira ido. Ƙurar hunturu kaɗan in ta kwanta a kansa, sai na'ura ta rubuta da Turanci cewa babu faifai, alhali ga shi a ciki. Mai gyara ya san matakan bincike. Ya fara gwada wani faifan, kana ya goge ido, in ya ga hasken ya raunana ya canja idon ɗungum. In ƙofa ta ƙi buɗewa, galibi robar da ke jan ta ce ta saki. In na'ura ta ƙi kamawa sam, ya duba fis, sa'an nan ya duba 'yan tulunan nan da a ke kira kwandansa ko sun kumbura. Zafi shi ne ajalinsu, don masana sun ƙiyasta duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Ita kuwa na'urar DVD mai ɗauka, wadda masu ɗaukar bikin aure suka yi amfani da ita wajen juye kaset zuwa faifai, tana da nata tarko: in ba a umurce ta ta rufe faifan bayan ɗauka ba, ba zai yi a wata na'ura ba. Faifai da yawa da aka ce sun lalace, rufewa ce kurum ba a yi ba.

Amma mafi yawan abin da ke kashe na'ura ba daga cikinta ya ke ba, daga bango ya ke fitowa. Wutar Nijeriya bolt 230 ce bisa ƙa'ida, irin ta Ingila, ta Amurka kuwa 120, ta Japan 100. Kayan gwanjon da aka ƙera don waɗannan ƙasashe biyu, in aka soka su kai tsaye ba tare da abin rage wuta ba, nan take su ke ƙonewa. A ƙarshen dogon layi wuta kan zo ba ƙarfi, in an ɗauke aka maido kuma ta kan zo da hauka. Daga nan aka sami al'adar zare fulogi da zarar an ɗauke wuta, da sayen sitabilaiza, da zare wayar eriya in hadari ya taso. Malaman makarantun horon malamai ya kamata su lura da abu uku da ke jawo gobara da rasa rai. Na ɗaya, fis mai gadi ne, an yi shi don ya mutu a madadin na'ura, wanda ya sa waya ko takardar azurfar taba a gurbinsa ya kori mai gadi ke nan. Ƙananan akwatuna fis mai amfiya 3 ya ishe su, 13 na dutsen guga ne da irinsa. Na biyu, haɗa janareto da wayar gida ba tare da makunnin da ke raba shi da layin gwamnati ba yana mai da wuta kan falwaya, ta kama mai aiki a can. Na uku, hayaƙin janareto yana kisa ba a ji wari ba, don haka ba a kunna shi a ɗaki ko a zaure rufaffe.

Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna cewa a Kano lalacewa da gyara ba tsautsayi ba ne, su ne yadda na'ura ke rayuwa yau da kullum. A Birnin Gwari sai a ƙara da sha'anin daji. Sa'ad da 'yan bindiga suka yi sansani a cikinsa, tafiya Kaduna sayen kayan gyara ta zama sai da kasada. A 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi har da Birnin Gwari, ta kuma sa aka rufe layin wayar hannu daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Wanda ya san janareto da jarka a ke yi masa awo, ya san abin da wannan ke nufi ga gidan kallo da mai cajin waya. A Oktoba 2024 kuma, layin Shiroro zuwa Kaduna yana lalace saboda ɓarnar da aka yi masa, rashin tsaro ya hana a gyara da sauri, da ɗayan layin da ke kawo wuta daga kudu ya faɗi sai yawancin Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu. A irin waɗannan lokatai abin da ke ci gaba da magana shi ne rediyo mai batir, da waya mai fim a cikin memori, da ɗan faifan sola bisa rufi. Ashe ƙa'idar zamanin taransista ba ta canja ba: na'urar da ke ɗauke da guzurinta ita ke shiga daji.

Saura abin da ya shafe mu, mu masu nazarin Hausa. Cikin kaset da faifan da mutane suka ɗauka da kansu akwai karin harshen ƙasar, da kiɗan sarauta, da wa'azi, da muryoyin tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, daga ƙauyukan da wasunsu an watse an bar su kufai. Laimar damina na sa zaren kaset ya yi fumfuna, rinin da ke jikin faifan da aka ɗauka a gida kuwa zafi da rana na kashe shi. Kamfanin Funai, na ƙarshe mai ƙera bidiyon kaset, ya daina a 2016, masu gyaran da suka san cikinsa kuma sun tsufa, yaransu sun koma gyaran waya. Tun da aka yi sulhu a Nuwamba 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, dama ta samu wadda ba a san iyakar kwananta ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su tura ɗalibai su nemi aron waɗannan kaset, a juye su cikin kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a mayar wa masu su kayansu. A kuma zauna da tsofaffin masu gyara, a rubuta sunayen da suka raɗa wa kayan aikinsu, da wanda ya koya musu, da shekarar da kowace na'ura ta fara zuwa rumfarsu. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Allah ya ba mu ikon yi tun da sauran masu faɗa mana, amin.