Yafe wa tsohuwar mota haraji: Yadda ake yi a Birtaniya, da abin da mai akori-kura ke biya a Funtuwa

A Birtaniya, motar da ta haura shekara 40 da ƙerawa tana iya shiga rukunin motocin tarihi, a daina karɓar harajin hanya a kanta. A yankin Funtuwa da Malumfashi kuwa, tsofaffin motoci na ci gaba da jigilar masara da dawa da auduga zuwa kasuwannin Dandume da Bakori, kuma masu su na biyan kuɗin takardu duk shekara kamar kowa. Ga yadda tsarin biyu suke, da dalilin bambancinsu.

Mece ce motar tarihi a dokar Birtaniya?

Hukumar DVLA ce ke rajistar motoci a ƙasar. Ranar 1 ga Afrilun kowace shekara, duk motar da aka ƙera sama da shekara 40 kafin 1 ga Janairun wannan shekarar takan cancanci afuwar haraji. Misali, daga 1 ga Afrilun 2025, motocin da aka ƙera kafin 1 ga Janairun 1985 suka shiga sahu.

Afuwar ba ta zuwa da kanta. Sai mai mota ya kai takardar mallakarta, wadda ake kira V5C, ofishin gidan waya ya nemi a sauya mata rukuni. Bayan haka ma dole ne ya riƙa sabunta harajin duk shekara, sai dai ba zai biya ko sisi ba, kuma inshora na nan a wuyansa. Tun daga Mayun 2018 aka kuma ɗauke wa irin waɗannan motoci gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a yi musu gagarumin sauyi ba cikin shekara 30 da suka gabata.

Akwai sharaɗi mai muhimmanci: motar da ake haya da ita, ko ake kasuwanci da ita, ba ta samun afuwar.

Tsarin ya sha sauyi da sauyin gwamnati. An fara shi a tsakiyar shekarun 1990 da ma'aunin shekara 25, daga baya gwamnatin jam'iyyar Leba ta tsayar da shi a kan motocin da aka ƙera kafin 1973, sannan a 2014 aka farfaɗo da shi da ma'aunin shekara 40. Jamus ta bi wata hanyar: tun 1997 tana bai wa motar da ta kai shekara 30 lamba mai harafin H, da haraji guda ɗaya na kusan Yuro 192 a shekara.

Hujjar waɗannan ƙasashe ita ce irin waɗannan motoci kayan tarihi ne, ba su cika hawa titi ba, kuma masu su na kashe kuɗi wajen adana su.

Akwai irin wannan a Najeriya?

Babu. Tsarin rajistar motoci a Najeriya na duba girman inji da kuma aikin da mota ke yi, ta gida ce ko ta haya. Tsufa ba ya sauke wa mota haraji. Dokar jerin haraje-haraje ta 1998 ta sanya harajin hanya a hannun gwamnatocin jihohi, don haka mai mota a Funtuwa hukumar tattara haraji ta Jihar Katsina yake biya. Jami'an VIO ke duba lafiyar mota, yayin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke kula da tsarin lambar mota da lasisin tuƙi.

Me ake biya duk shekara?

Akwai lasisin mota, da takardar shaidar lafiyarta, da inshora. Mai motar haya yana ƙarawa da takardar izinin haya, ban da kuɗin tasha da na ƙungiyar direbobi da ake biya kusan kullum.

Nauyin ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Daga 1 ga Janairun 2023, hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. A Yulin wannan shekarar aka ɓullo da kuɗin sabunta shaidar mallakar mota na naira 1,000 duk shekara. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma rundunar 'yan sanda ta fara tilasta dokar inshorar a faɗin ƙasa.

Me ya sa tsofaffin motoci ba su yin ritaya?

Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da ƙirar 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a Faransa. Ke nan Fijo 504 da aka haɗa a Kaduna a 1980 ta cika sharaɗin shekarun Birtaniya. Makanikai sun san ta ciki da bai, kayan gyaranta na samuwa, kuma tana jure hanyar karkara.

Sauya ta da wata kuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Tun Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ciki har da hanyar Maraɗi zuwa Jibiya. Hukumar Kwastam ta haramta shigo da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira suka ƙara tsawwala farashi. Da babu gara ba daɗi, shi ya sa mai akori-kura ke ci gaba da lallaɓa abarsa.

Afuwar za ta yi amfani a nan?

Idan aka kwafo dokar Birtaniya yadda take, kaɗan ne za su ci moriyarta a kudancin Katsina, domin sharaɗin hana kasuwanci zai cire akori-kura da J5 da kanta, waɗanda su ne ke aikin. Masu hali da suka killace tsohuwar Marsandi a gareji ne za su amfana, jiha kuma ta yi asarar kuɗin shiga. Ɗauke gwajin lafiya ya fi haɗari: motar da ke ɗaukar buhunan hatsi da fasinja a hanyar Funtuwa zuwa Zariya ita ce ta fi buƙatar a duba mata birki da taya.

Inda gyara zai fi taɓa aljihun direba shi ne kuɗaɗen da ake karɓa a kan hanya. Dokar 1998 ta haramta kafa shinge domin karɓar haraji, amma masu jigilar amfanin gona sun daɗe suna kukan ana tatsar su a shingaye, kuma kuɗin na komawa kan farashin kwanon masara. Rage yawan haraje-haraje na cikin alƙawuran dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025. Tunda harajin hanya na jiha ne, duk wani sassauci ga tsofaffin motocin Funtuwa daga Majalisar Dokokin Jihar Katsina da hukumar harajinta zai fito, kuma su ne ya kamata masu zaɓe su tambaya.