Asali: Littafin Coci na Ingila da Bakin Tsofaffin Zazzau

Ku 'yan makaranta, in kun tsaya a Ƙofar Kuyambana da hantsi kuna duban masu shiga birnin Zariya da masu fita, ku tare mutum goma ku tambaye su sunan kakan kakansu. Da ƙyar za ku sami biyu da za su amsa. Ba rashin asali ya jawo haka ba, rashin rubutu ne. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida gida ya bar shi, mu kuwa muna ganin wanda ya manta sunan kakanninsa shi ma ya bar gida, ko da yana kwana cikinsa.

Ga yadda Turawan Ingila suka yi maganin wannan mantuwa. Cikin shekarar 1538, zamanin Sarki Henry na takwas, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umurni kowane limamin coci, har na ƙauyen da ba a san da shi ba, ya ajiye littafi, ya riƙa rubuta duk jaririn da aka yi wa baftisma, da duk auren da aka ɗaura, da duk wanda aka binne. Wajen ƙarshen zamanin Sarauniya Elizabeth ta fari aka ce a koma rubutawa a kan fata, don takarda tana ruɓewa, a kuma riƙa aika wa babban limami kwafi. Cikin 1837 gwamnati ta fara nata rajista. Saboda haka ɗan manomi a can ya kan iya bin danginsa baya har shekara ɗari huɗu, daga ɗa zuwa uba, daga uba zuwa kaka.

To, mu fa? Mu ma muna da namu littattafai, sai dai a warwatse su ke. Na farko shi ne bakin mutane. Gidajen sarauta ba su wasa da wannan, domin tun bayan jihadi gida huɗu su ke da gadon Zazzau: Mallawa zuriyar Malam Musa, wanda ya rasu 1821, da Barebari zuriyar Yamusa, da Katsinawa zuriyar Abdulkarimu, da Sulluɓawa. Ku dubi amfanin riƙon salsala: an fitar da Sarki Aliyu Ɗan Sidi cikin 1920, sarauta ba ta koma gidan Mallawa ba sai 2020, sa'ad da aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli. Shekara ɗari cif, amma ba wanda ya ruɗe da wane ya haifi wane, don maroƙa suna ta jera sunayen kowace salla.

Talaka ba shi da maroƙi, amma yana da tsohuwa. Cikin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau, ana kiranta Baba, ta rubuta labarinta daga bakinta: kakanninta da suka fito daga Barno, da rinjinsu, da harin da a ke kawowa a kama mutane, da aurenta. Baba ta rasu 1951, littafin ya fito 1954. Da an yi jinkirin shekara biyu, da duk wannan ya shiga kabari tare da ita.

Na biyu shi ne takardun malamai. Malamin da ya kan rubuta ranar haihuwar ɗansa, ko rasuwar malaminsa, a gefen littafi ko a bayan warƙa. In kun sami irin wannan cikin gafakar kakanku, ku tuna lissafin Hijira ne. Shekarar 1300 ta kama cikin Nuwamba 1882, kuma shekara 33 ta Hijira ita ce kamar 32 ta Turawa.

Na uku shi ne takardun hukuma, tun daga 1902 da Turawa suka shiga Zariya: littafin haraji, da na alƙali inda a ke rubuta rabon gado da sunayen magada, da rajistar makaranta. Abin da ya tsira daga gara, da yawansa yana gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna, wasu kuma a Arewa House da aka kafa 1970. Waɗanda iyayensu ke da alaƙa da Mishan, wadda Dakta Miller ya kawo cikin birni 1905, ta koma Wusasa 1929, su nemi littafin coci, don al'adar Ingila ce aka zo da ita.

Amma fa akwai tarko. Alkunya ta kan hana uwa faɗin sunan ɗan fari, sai laƙabi ya danne sunan yanka. Takwara kuma ta yi yawa, Muhammadu biyar a gida ɗaya. Yaran makarantar da sun kan ɗauki sunan garinsu, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari, ba sunan uba ba. In tsoho bai san shekara ba, ku tambaye shi wane sarki ke kan gado, ko kuwa kafin zuwan jirgin ƙasa ne, watau 1911, ko bayan babbar mura ta 1918.

Tarko mafi girma shi ne son zuciya. Kowa yana so a ce kakansa sarki ne ko waliyyi. Wani zai tono ya tarar kakansa fatake suka zo da shi, wani marini ne, wani a rinji aka haife shi. Ku rubuta yadda kuka samu, gama asalin ƙarya ya fi rashin asali muni, kuma ran rabon gida ko gona gaskiya kaɗai za ta tsaya gaban alƙali.

Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Nijeriya, amma ba ta komawa baya ta rubuta waɗanda suka wuce. Wannan aikinku ne. In an ba ku hutu, ku sayi littafin rubutu, ku kai wa kakarku goro, ku durƙusa ku gaishe ta, sa'an nan ku ce, "Kaka, wa ya haifi babanki?" Ku rubuta sunan, da unguwa, da sana'a, da ƙofar da suka shigo birni ta cikinta. Kada ku bari sai baɗi. Allah ya ji ƙan magabata, ya sa mu gama lafiya, amin.