Takardar Kod: Tun Asali Don Masu Koyo Aka Yi Ta

'Yan'uwana matasa, sau da yawa nakan ga mai koyon jita yana ɓoye takardarsa mai G, C da D idan gwanaye sun shigo wurin gwajin waƙa. Wasu ma sun ajiye jitar don kunya. Bari mu duba inda takardar nan ta fito.

Kod shi ne sautuka uku ko fiye da ake kaɗawa tare. A ƙarni na 16, wanda yake so ya yi kiɗa daga rubutu a Turai sai ya koyi bin sauti ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin shekaru. A 1596 wani likita mai suna Joan Carles Amat ya buga ɗan littafi a Barsalona, ƙasar Sifaniya, domin jita mai jerin tsirkiya biyar. Ya ba kowane kod lamba daga 1 zuwa 12, ya raba su gida biyu, waɗanda yau muke kira mejo da maino. Littafin ya yi fiye da shekara 150 ana sake buga shi.

A 1606, a birnin Fulorens na Italiya, Girolamo Montesardo ya buga nasa da haruffa, tsarin da ake kira alfabeto. Harafin lakabi ne kawai na yadda za a ɗora yatsu: A na nufin kod ɗin da muke kira G, B kuma C ɗinmu. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 jita ta sami tsirkiya ta shida, alfabeto ya shuɗe, daga baya aka koma kiran kod da sunan sautin da yake tushensa.

Ɗan akwatin zanen da kuke gani a littattafan koyo ya bazu a Amurka a shekarun 1920, a kan takardun waƙa na masu kaɗa ukulele. Layuka shida na tsaye su ne tsirkiyu, mai kauri a hagu. Na kwance su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita. Ɗigo shi ne inda za a danna, O a kaɗa ba dannawa, X kada a taɓa. Manuniya ita ce 1, yatsan tsakiya 2, na zobe 3, ƙaramin 4. Gwada Em: yatsa 2 a tsirkiya ta biyar, yatsa 3 a ta huɗu, duka a gida na biyu, sai ka kaɗa shidan.

Lambobin Amat ma sun dawo ta wata hanya. A ƙarshen shekarun 1950, mawaƙi Neal Matthews na birnin Nashville ya riƙa rubuta kod da lamba bisa matsayinsa a cikin kii. A kii na G, 1 shi ne G, 4 C, 5 D. Idan mai ba da waƙa ya canja kii, takardar ba ta canja ba.

Kun ga fiye da shekara 400 ke nan masana suna wahala domin mai koyo ya sami sauƙi. Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, fito da takardarka ka shimfiɗa ta a gabanka. Yatsu za su yi zafi a makonnin farko, amma fatar za ta yi kanta. Ka zo gwaji na gaba da Em a hannunka.