Keken dutse a hamadar kan tudu: abin da Mowab ta samu, abin da Abzin ta rasa

Keken dutse shi ne keken da aka ƙera domin barin kwalta. Tayoyinsa faffaɗa ne masu haƙora, giyarsa da yawa, birkinsa na faifai, kuma galibi yana da shokozoba a gaba, wani ma gaba da baya. Hanyar da ake hawansa turba ce siririya, wadda sau da yawa faɗinta bai kai mita ɗaya ba, tana bin gefen tsauni ko bakin kwazazzabo. Duk wanda ya taɓa sauka daga titin Jega zuwa Koko ya kama turbar gona a ƙasar Maiyama, da buhun gero a bayan Phoenix, ba baƙo ba ne ga wannan hawa. Bambancin shi ne a wasu ƙasashe hukuma ta auna turbar, ta ba ta suna, ta sa ta a taswira, har ta zama hanyar cin abincin gari guda.

An fara wasan ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda samari suka riƙa gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna. Tserensu na farko da ya yi suna, Repack, an soma shi a 1976, kuma ya samu sunan ne daga maiƙon birki da ke ƙonewa a gangara, sai an sake ɗura wani. Joe Breeze ya ƙera keke na musamman domin wannan aiki a 1977, kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper kasuwa a 1981. An yi gasar duniya ta farko ƙarƙashin hukumar UCI a garin Durango na jihar Kolorado a 1990, wasan ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996. A Afirka akwai Cape Epic ta Afirka ta Kudu tun 2004, da Titan Desert ta Maroko tun 2006.

Garin ma'adini da ya koma garin keke

Mowab ƙaramin gari ne a jihar Yuta, mai mutum dubu biyar da 'yan kai, a kan tudun hamada mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku. Yuraniyom ne ya raya shi bayan da Charlie Steen ya gano ma'adinin a 1952. Da kasuwa ta faɗi, masana'antar tace ma'adinin ta rufe a 1984, mutane suka fara watsewa. Abin da ya tallafi garin wata turba ce mai kusan kilomita 17 da masu babura suka shata a kan fa a 1969, mai suna Slickrock. Dutsen yashi ne wanda kofaton doki mai takalmin ƙarfe ke zamewa a kansa, amma taya ta roba tana kama shi kam. Masu keke suka gano haka, sai shagunan haya da masauƙai da gidajen abinci suka biyo baya.

Abin da masu yabon Mowab ba su cika faɗa ba shi ne batun ƙasa. Kusan kashi biyu cikin uku na jihar Yuta mallakar gwamnatin tarayya ne, kuma hukumar BLM ce ke riƙe da yawancin filayen da turbobin suka ratsa. Da baƙi suka yi yawa suka fara ɓata wurin, BLM da gundumar Grand suka haɗa hannu a 1995, suka sa kuɗin shiga yankin Sand Flats, ana kashe kuɗin a wurin da aka karɓe su. Ba ko'ina aka buɗe ba: dokar dazuzzukan da aka keɓe ta 1964, bisa fassarar da hukumar gandun daji ta yi mata a 1984, ta hana keke shiga waɗannan wurare, kuma har yau ana ja-in-ja a kai. Rufe hanyoyi a Kalifoniya ne ma ya sa mahaya suka kafa ƙungiyar IMBA a 1988.

Ƙa'idojin ginin turba da ƙungiyar ta yaɗa duk maganar ruwa ce. Gangarar turba kada ta wuce rabin gangarar tsaunin da take bi, in ba haka ba ruwan sama zai mayar da ita magudana. Matsakaicin hawa kada ya zarce mita goma a cikin ɗari. Ana ɗan karkatar da doron turbar zuwa waje, ana kuma sa ta ta nutsa ta ɗago jefi-jefi domin ruwa ya samu mafita. Injiniyoyin da ke yi mana hanyoyin karkara da marmara, waɗanda damina ɗaya ke mayarwa kwazazzabai, da sun karanta wannan da sun huta da kunya. A hamada kuma akwai ɓawon ƙasa mai rai, na gansakuka da ƙananan halittu, wanda ke riƙe rairayi. Taya ɗaya ta murƙushe shi, sai an yi shekaru da dama kafin ya dawo.

Abzin

Mafi kusa da mu a irin wannan ƙasa ita ce Abzin, duwatsun Ayar da ke arewa da Agadas a Nijar. Ba baƙuwa ba ce ga Kabawa: Kanta ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas wajajen 1515, kuma saɓani kan rabon ganima a dawowa ne ya sa ya ɓalle daga Sanwai. Tsaunin Bagzan, mai mita 2,022, shi ne mafi tsawo a Nijar, kuma akwai ƙauyuka a samansa da ake hawa ta turbar jakuna. A Timiya ana noman lemu da rumman, a Tabelot ana fitar da albasa. UNESCO ta sa gandun Ayar da Tenere, mai hekta miliyan 7.7, cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara ɗaya bayan nan ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin gadon a 2013.

Yuraniyom ma akwai shi, a Arlit, tun 1971. Kamanni ya tsaya nan. Baƙin da suka riƙa zuwa Abzin a ƙafa da raƙumi da mota sun ɗauke ƙafa lokacin tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995, suka dawo, sai tawayen MNJ ya ɓarke da harin Iferwan a Fabrairun 2007, aka binne nakiyoyi a hanyoyi. An soke tseren Dakar na 2008, daga nan ya bar nahiyar. A Satumban 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit. Direbobi da 'yan jagora da yawa suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, dokar 2015 ta haramta sana'ar, sojojin da suka karɓi mulki a Yulin 2023 suka soke dokar a Nuwamban shekarar. A 2025 an sace mata biyu Turawa a cikin garin Agadas kansa.

Ina Kebbi?

Jega da Aliero da Maiyama shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, sai tuddan marmara nan da can. Duwatsun jihar suna kudu maso gabas, a masarautar Zuru, kuma kudancin jihar ne 'yan bindiga suka fi addaba: a Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri, a Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da sittin a yankin Zuru. Duk jami'in da ya zo da maganar yawon buɗe ido a can, a tambaye shi ko zai tura ɗansa.

Turbobi kuwa muna da su, burtali da labi da hanyar gona, sai dai noma na cinye su saboda mafi yawa ba a taswira suke ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa ga gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da filin karkara har hekta 500 na noma da 5,000 na kiwo. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su tafi hannunsu kai tsaye, babu laifi matasan Maiyama su nemi shugaban ƙaramar hukumarsu ya nuna musu rajistar burtalai. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya dawo da mutane kan keke, don haka turbar da za ta amfani mai wasa ita ce dai ta ɗalibi da manomi da makiyayi. Daga Abuja kada a sa rai da yawa: akwai filin tseren keke tun wasannin Afirka na 2003, amma Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya a Paris a 2024, aron keke ta yi daga tawagar Jamus.

Ga mai son gwadawa, hular kwano ce farko. Masu ɗorin Aliero sun yi suna a karaya, amma ba sa ɗora ƙoƙon kai. Tsidau da ƙayar aduwa su ne abokan gabar taya, shi ya sa mahaya hamada ke amfani da taya marar tub mai ruwan toshe huda a ciki. Mai keke ne ke kauce wa mai tafiya a ƙasa da dabba, mai gangarowa ya tsaya wa mai hawa. Lokacin fita daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, domin a Afrilu zafi na wuce digiri 40.