FASHIN BAƘI: Tarihin AK-47 da abin da dokar Najeriya ta ce kan mallaka, sayarwa da gadonta

A ƙasar Hausa ta dā, 'yan bindiga su ne dakarun sarki masu ɗura albarushi, waɗanda har gobe suke cika filin Hawan Sallah da hayaƙi. A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi kuwa, sunan ya koma kan masu tare hanya da sanya wa ƙauyuka haraji. Abin da ya raba waɗancan da waɗannan shi ne irin bindigar da ke hannu. Ga bayani kan asalinta da matsayinta a doka.

Wace irin bindiga ce?

Bindiga mai zaɓin harbi ita ce wadda ke da ɗan ƙarfe a jikinta da ke bai wa soja zaɓi biyu: ko harsashi ɗaya a duk taɓa kunama, ko ruwan harsasai muddin yatsa bai saki ba. Ɗaya daga cikin na farko ita ce Fedorov, wadda sojojin Rasha suka fara riƙewa a 1916. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta fito da StG 44, wadda ta zama abin koyi ga na bayanta.

Daga nan Mikhail Kalashnikov ya ƙera tasa a 1947, rundunar Tarayyar Sobiyat ta karɓe ta a 1949. Gidan harsashinta yana ɗaukar 30, tana jure ƙura da laka, kuma ba ta da wahalar gyara. Sin ta fara ƙera irinta mai suna Type 56 a 1956, sannan aka fito da AKM a 1959. Yawancin abin da ake kira AK-47 a dazukan Zamfara jikokin ta farkon ne, ba ita kanta ba.

Inda ta zama kayan tarihi

A Amurka akwai masu tara irin waɗannan tsofaffin bindigogi kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi. Dokar 1934 ta wajabta yi musu rajista da biyan harajin dala 200 duk lokacin da za su sauya hannu. Wata dokar ta 1986 ta rufe ƙofar rajista, ta yadda farar hula ba zai mallaki mai sarrafa kanta ba sai wadda aka yi wa rajista kafin 19 ga Mayun shekarar. Tun da adadinsu ba ya ƙaruwa, farashin guda ya kai dubban daloli masu yawa, kuma wasu jihohin sun haramta su ɗungurungum. Darajar irin wannan bindiga a takardarta take, domin an san lambarta da kowane hannun da ta bi.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko su ne haramtattu, da suka haɗa da masu jigida, da bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303, da kuma ƙananan bindigogin hannu. Sashe na 3 ya ce babu mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. AK-47 tana cikin wannan rukuni, haka ma G3 da FN. Wanda aka kama da ɗaya babu izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Kashi na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, kuma Sufeto Janar na 'Yan Sanda ne ke ba da lasisinsu. Kashi na uku su ne masu ɗurin baki, irin su adaka da harba-ka-ruga, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, da amincewar gwamna, zai iya hana riƙe su sai da lasisi.

Jadawalin dokar nau'in bindiga yake dubawa, ba shekarunta ba. Saboda haka tsohuwar .303, irin wadda kakanni suka riƙe a yaƙin Bama, a layi ɗaya take da sabuwar AK. Wurin da ya dace da irin waɗannan shi ne rumbun gwamnati ko gidan tarihi, kamar na yaƙi da ke Umuahia.

Sayarwa, kyauta da gado

Lasisi na mutum ne, ba ya bin bindiga zuwa hannun wani. Dokar ta hana kowa, dillali ne ko a'a, sayarwa ko miƙa bindiga ga wanda bai nuna izinin mallakarta ba. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda kotu ta samu da laifin tayar da hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

Idan mai lasisi ya rasu, magajinsa na iya riƙe bindigar kwana 14 kacal, kuma ko a cikin kwanakin 'yan sanda na da ikon karɓe ta. Don haka ba a sanya ta cikin rabon gado kamar gona ko saniya. Wannan duk a kan bindiga mai lasisi ne. Wadda aka tsinta a daji ko aka ƙwace a artabu kuwa, babu wata hanya da za ta halatta ga farar hula illa miƙa ta ga hukuma.

Yadda take isa arewacin Zamfara

Hanyar da ta fito daga Gusau tana rabuwa ne a Ƙaura Namoda: reshe ɗaya ya nufi Shinkafi da gabashin Sakkwato, ɗaya ya bi ta Zurmi zuwa Jibiya. Ƙaramar Hukumar Zurmi tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma dazukan yankin a haɗe suke. Rahoton da cibiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020 kan Zamfara da Katsina da Kaduna ya bi sawun wasu makaman zuwa rumbunan Libiya na zamanin Gaddafi, wasu zuwa Kwaddebuwa, wasu kuma zuwa jami'an tsaron Najeriya. Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ma ya ruwaito cewa zuwa Disambar 2018 an rasa inda bindigogin 'yan sanda 178,459 suke, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ɓarakar ta ciki da waje ce.

Inda gwamna da doka suka yi karo

A Yulin 2020 Gwamna Bello Matawalle ya yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa AK-47. A Maris ɗin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya umarci jami'an tsaro su harbe duk wanda suka gani da ita ba bisa ƙa'ida ba. A Yunin 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin kare kai, ta yi alƙawarin raba fom 500 ga kowace daga masarautu 19.

Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe sha'anin makamai ga Gwamnatin Tarayya kaɗai. A Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisi, sannan a 2024 aka sanya hannu kan dokar da ta ƙarfafa Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

Wannan ne ya bar manomin Zurmi ko Shinkafi tsakanin wuta biyu. Mai kawo masa hari yana riƙe da bindigar da ke zubar da harsashi 30 cikin 'yan daƙiƙoƙi, shi kuwa iyakar abin da doka za ta iya lamunce masa bai wuce ta farauta ba. Idan ya nemi daidai da ta maharin, kurkuku na jiran sa. Dokar da ta hana shi ita ce ta ɗora wa gwamnati nauyin tsare shi, kuma wannan nauyin ne mutanen yankin ke jiran ganin an sauke.