Daren da Salka ta Daskare: Tarihin Ɗari a Duniya Mai Ɗumama

A ƙarshen Disambar 1823, matafiyi Hugh Clapperton da abokinsa likita Walter Oudney suna kan hanyarsu daga Kukawa zuwa Kano. Wata safiya suka tashi suka tarar ruwan da ke cikin ƙorensu ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu kuma sun sandare kamar katako. Oudney, wanda dama yake fama da ciwon ƙirji, ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824. Ke nan ɗari mai tsanani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

Duk da haka, idan hunturu ya matsa a Yako ko Ƙiru, ko a tuddan Doguwa inda sanyi ya fi cizo, sai ka ji ana cewa: ina ɗumamar yanayin da ake ta faɗa? Tambaya ce mai ma'ana, amsarta kuwa tana can arewa da hamada.

A sararin samaniyar Turai da Amurka akwai wata igiyar iska mai gudu daga yamma zuwa gabas, wadda ke tsare sanyin ƙuryar arewacin duniya kamar shinge. Idan ta miƙe, sanyi ya zauna gida. Idan ta yi lanƙwasa, sai ya kwararo kudu. Haka ta faru a Fabrairun 2021, lokacin da jihar Texas ta daskare, miliyoyin mutane suka rasa wutar lantarki. A garin Ain Sefra na Aljeriya, a bakin Sahara, dusar ƙanƙara ta sauka a 1979, ta sake sauka a 2016 da 2018.

Mu ma wannan lanƙwasa tana taɓa mu. Idan iska mai sanyi ta tsallako Bahar Rum ta taru a kan Libiya, nauyinta yakan ingiza iskar arewa maso gabas, ta kwashi ƙura daga kwarin Bodele na Chadi, cikin 'yan kwanaki hazo ya rufe Kano. Busasshiyar iska ba ta riƙe zafi, don haka da dare ƙasa takan huce da sauri.

To, ina ruwan ɗumama? Ƙuryar arewa tana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun 1979. A 2012 Jennifer Francis da Stephen Vavrus suka kawo ra'ayin cewa hakan na raunana igiyar, ya ƙara mata lanƙwasa. Masana na ci gaba da muhawara a kan wannan. Abin da suka haɗu a kai shi ne, a jimlace darare masu sanyi raguwa suke yi, ko da yake ɗari mai tsanani bai daina kawo ziyara ba.

Wannan ba zancen masana ba ne kawai. Alkamar da ake nomawa da ruwan madatsar Tiga ta Bebeji, wadda aka kammala a 1974, sanyi take so. Mako guda na jaura ba ya cika mata buhu. Abin da take bukata shi ne hunturu mai tsawo. Manomin da ya auna shekara da dare ɗaya mai sanyi, ya jinkirta shuka, zafin Maris zai riski alkamarsa kafin ta cika ido.